Jawabin Magatakarda: "Kuna Ina?" Maganar Taswira da Agajin Gaggawa Tsakanin Katsina da Maraɗi

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu da suka kafa wannan tafiya, shugabannin rassa na ɓangaren Nijar da na ɓangaren Najeriya, Alhazai da Hajiyoyi, dillalai da 'yan kamasho, direbobinmu da yaran mota, da baƙin da suka amsa gayyata, muna yi wa kowa barka da zuwa. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Waɗanda muka zauna da su bara, yau babu su, Allah ya jiƙan su ya kyautata namu zuwan.

A al'ada, aikin magatakarda a irin wannan rana shi ne ya karanto yawan mambobi, da wasiƙun da suka shigo, da waɗanda ba su biya kuɗin wata ba. Bana duk an buga wannan a shafukan baya, kowa ya duba sunansa a tsanake. Shugaba ya yarje mana mu yi amfani da lokacin a kan magana guda ɗaya, wadda muke neman amincewarku a kanta kafin a tashi.

Za mu fara da abin da ya faru a daminar da ta wuce, wanda da yawanku kun ji labarinsa guntu-guntu. Wata motar ɗaya daga cikin mambobinmu ta taso da wake da daddare. Ruwa ya cinye wani kwalbati, direba bai gani ba, mota ta kife, kan motar ya danne masa ƙafa. Yaron motar ne ya kira ofis wajen ƙarfe ɗaya na dare, yana kuka. Tambayar farko da muka yi masa ita ce wadda kowa zai yi: kuna ina? Ya ce, "Bayan Sabon Gari kaɗan, wajen wata babbar tsamiya."

To, jama'a, wane Sabon Garin? Tsakanin Katsina da Maraɗi, in za a lissafa Sabon Gari da Sabon Gida da Tudun Wada da Unguwar Malam, sai yatsu su ƙare. Yaron sabo ne, tafiyarsa ta biyu ke nan, kuma barci yake lokacin da abin ya faru. Ko sun ƙetare iyaka ko ba su ƙetare ba, bai sani ba. Muka kira masu agaji na wannan ɓangare, suka ce wurin yana cikin yankinsu? Muka ce ba mu sani ba. Muka kira na ɗaya ɓangaren, tambayar ke nan. Kuma ba mu ga laifinsu ba, don ba mai ɗaukar motar hukuma ya ƙetare iyakar ƙasa da tsakar dare a kan "wataƙila". Muka tashi motar reshe, ta nufi Sabon Garin da muka fi zato, ashe ba shi ba ne. Cajin wayar yaron ya ƙare. Sai da asuba mutanen ƙauye masu fita gona suka gan su, suka taru da gatari da itace suka ciro direban. Ya rayu, alhamdu lillahi, yana ma zaune a cikin wannan rumfa. Amma ƙafar ba ta koma yadda take ba, kuma ya bar tuƙi ke nan. Daga baya da muka je wurin, sai muka tarar akwai ɗakin shan magani da ma'aikaci ke kwana a ciki, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba. Yana ɗaya gefen iyakar ne, shi ya sa ba wanda ya tuna da shi a cikinmu.

A daren nan akwai mota, akwai mai, akwai mutanen da suka tashi daga barci da niyyar taimako. Abin da muka rasa shi ne sanin wuri.

Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. Waɗanda ke nan a watan Yulin 2018 ba za su manta daren da ruwa ya afka wa Jibiya ba. Mutum fiye da 40 suka rasu, gidaje suka rushe, dabbobi suka tafi. Wasu gawarwakin ba a Najeriya aka same su ba, a ƙasar Nijar aka tsinto su, don can ruwan yake nufa. Duk mun san hanyar wannan gulbi. Daga Najeriya yake tasowa, a kansa aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, ya shiga Nijar ya bi ta wajen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya juyo ya koma Najeriya ta jihar Sakkwato ya haɗu da Rima. Sau biyu yake ƙetare iyaka, kuma ba a taɓa tsayar da shi a shinge an ce ya kawo takarda ba. Ruwan da ya sauka a ƙasar Katsina da dare, manomin fadamar Maraɗi ne zai karɓe shi, wanda ya wuce Maraɗi kuma mutanen wajen Sabon Birni ne za su gan shi.

A wannan watan dai na Yulin 2018 cutar amai da gudawa ta ɓulla a gundumar Madarumfa. Marasa lafiya na farko da aka tabbatar mazauna ƙaramar hukumar Jibiya ne da aka kai ɗakin shan magani na ɓangaren Nijar, kuma kafin abin ya lafa mutum fiye da 3,000 suka kamu a Nijar. Ba muna faɗar haka don a ɗora wa wani laifi ba ne. Mara lafiya inda ya fi kusa da shi ake kai shi, kamar yadda mutanenmu na Nijar ke zuwa asibitocin Katsina kullum. A 2019 kuma, da rikicin 'yan bindiga ya tsananta a Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallaka zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji. Masu kai musu agaji sai da suka yi ta tambayar ina wane ƙauye yake, ta ina mota za ta bi.

Kada a ce hukumomi ba su san da wannan ba. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, mazauninta a Yamai. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar ruwayen da suka yi tarayya a kai, kuma gulbinmu na Maraɗi yana cikin guda huɗun da aka ambata, tare da Magiya da Tagwai da Komadugu Yobe. A cikinta an amince kowace ƙasa ta riƙa tattara bayanan ruwa tana miƙa wa hukumar. A Yamai ɗin dai akwai hukumar kula da kogin Kwara mai ƙasashe 9, akwai cibiyar AGRHYMET da ke nazarin damina da amfanin gona tun 1974. A Najeriya akwai NEMA da hukumomin agaji na jihohi, akwai NiMet mai hasashen yanayi, akwai NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. A kudu da mu, tsakanin Kamaru da Najeriya, an ga abin da sakin ruwan madatsar Lagdo ke jawowa a kan kogin Binuwai: ambaliyar 2012 ta kashe mutum fiye da 300 ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600. Yanzu idan za a buɗe Lagdo akan sanar tun da wuri, kuma sanarwar tana da amfani.

Sai dai irin wannan labari daga babban birni yake tashi zuwa babban birni, a takarda, da Turanci ko Faransanci. Kafin ya sauko daga Abuja ko Yamai ya iso ga mai gari, ruwa ya riga shi. Kuma kun ga yadda siyasa take. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Mu ba 'yan siyasa ba ne, ba kuma za mu tsoma baki a abin da ya fi ƙarfinmu ba. Abin da muka sani kawai shi ne a duk waɗannan shekaru damina ba ta fasa ba ko sau ɗaya.

Bari mu daɗe kaɗan a kan maganar suna, don nan gizo ke saƙa. Mu duka Hausa muke yi, amma takardunmu ba baki ɗaya suke magana ba. Garin da muke kira Gidan Rumji, a taswirar Nijar "Guidan Roumdji" aka rubuta. Tasawa ta zama "Tessaoua". Madarumfa ta zama "Madarounfa". Damagaram ma gaba ɗaya an ce "Zinder". Ma'aikacin agaji a Katsina in ya buga sunan yadda ya ji a kunnensa, kwamfuta za ta ce babu wannan gari. Na Maraɗi kuma in aka ce masa Jibiya zai tarar an rubuta "Jibia" a wani wuri, "Jibiya" a wani. Wannan manyan garuruwa ke nan. Ƙananan ƙauyuka kuwa, wani yana da suna biyu, na hukuma da wanda direbobi suka laƙaba masa, wani kuma babu shi a kowace taswira. Ko kalmar neman taimako ta bambanta: ɗan Maraɗi ya ce a kai shi likita, ɗan Katsina ya ce asibiti. Wannan ya ce jandarma da duwan, wancan ya ce 'yan sanda da kwastan. Lambar kira ma haka: a Najeriya 112, a Nijar masu kashe gobara 18. Kuma a bakin iyaka waya takan bar layin wannan ƙasa ta kama na waccan, mai ita bai sani ba.

Akwai abu ɗaya da bai bambanta ba, shi ne lambar wuri. Kowane taku a bayan ƙasa yana da lambobi biyu. Ta farko tana faɗin nisan wurin zuwa arewa, ta biyu nisansa zuwa gabas. Maraɗi tana kan 13.5 da 7.1. Ku ɗauki Gaya. Akwai Gaya ta jihar Doso a bakin Kwara, inda 'yan'uwanmu masu zuwa Kwatano ke bi, akwai kuma Gaya ta jihar Kano. Lambarsu ta farko kusan ɗaya ce, 11.9. Amma ta biyu, Gaya ta Doso 3.4, ta Kano 9.0. Tsakaninsu kimanin kilomita 600. Suna zai iya ruɗa mutum, waɗannan lambobi ba sa ruɗawa, kuma yadda jami'in Katsina zai karanta su haka na Maraɗi zai karanta.

Wayar da ke aljihun mafi yawanku, in dai babba ce ta shafawa, tana sanin wannan lamba daga tauraron ɗan'adam, ko da babu layi a wurin. Tura ta ne ke buƙatar layi. In akwai intanet, a WhatsApp ana danna wurin da ake tura hoto a zaɓi tura wuri, shi ke nan. In babu, ana iya karanto lambobin a tura su a gajeren saƙo, ko a faɗe su da baki. Wayar da yaron motar nan ya kira mu da ita tana iya wannan duka. Ba wanda ya taɓa nuna masa, mu ma a ofis ba mu iya ba a lokacin. Wannan kunyar tamu ce, mun ɗauka.

An taɓa yin irin wannan aiki a ƙasar nan kuma ya ci. Lokacin yaƙi da shan inna, an zana taswirar ƙauyukan Kano da sauran jihohin arewa daga hotunan sama, aka ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Ta haka aka gano rugage da unguwannin da ba sa cikin lissafin kowa. A Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Aikin bai tsaya a ofis ba, sai da aka bi gida-gida ana tambayar mutanen wuri sunan wurinsu. Mu kuwa wa ya kai mu sanin wannan hanya? Direban da ya yi shekara da shekaru tsakanin Ɗan Isa da Magama ya san kowane kwalbati, ya san inda ruwa ke haurowa kan kwalta, ya san inda yashi ke riƙe mota. Abin da ke kansa babu shi a kowace taswirar hukuma. Kuma in ya mutu, da shi ake binne shi.

Saboda haka tun bayan wancan dare muka buɗe wani littafi a ofis, muna kiransa littafin wurare. Kowane wuri layi ɗaya: sunansa yadda muke faɗa, yadda Nijar ke rubutawa, yadda Najeriya ke rubutawa, lambarsa, ƙasar da yake ciki da gundumarsa ko ƙaramar hukumarsa, da abin da ke wurin. Mun fara da gadoji da kwalbatoci da mashigan ruwa, da ɗakunan shan magani tare da bayanin ko ana kwana a ciki, da gidajen mai, da tuddan da jama'a ke gudu in ruwa ya zo. Direbobi uku-huɗu ne suka fi taimaka mana, Allah ya saka musu. Littafin bai yi nisa ba, kuma na takarda ne, muna kwafe shi a waya.

Yanzu ga abin da ya kawo mu. Littafin nan in ya tsaya a durowar ofis, rabin amfaninsa ke nan. Muna so a ba mu izini mu miƙa kwafinsa ga masu agajin gaggawa da jami'an lafiya na ɓangarorin biyu, a rana ɗaya, kwafi iri ɗaya, don kada wani ya ce an fifita wani. In aka kira aka ce "lamba kaza, kwalbatin kaza", kowane ɓangare ya buɗe shafi ɗaya ya ga nasa ne ko na maƙwabcinsa ne, wa ya fi kusa. Muna kuma so a sa gadoji da ɗakunan shan magani a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani, wadda ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita.

Mun san ba kowa ya yarda ba. Da muka kawo maganar a taron shugabannin rassa, wani daga cikin iyayenmu ya ce mana, "Yaro, ka san hannun da takardar nan za ta ƙare?" Gaskiya ya faɗa. Muna zaune a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya san ba a sace ɗan kasuwa sai da ɗan rahoto. Takardar da ta nuna gidan Alhaji wane, da sitonsa, da ranar da yake dawowa daga kasuwa da kuɗi, ba takardar agaji ba ce, wuƙa ce. Don haka muna faɗa a gaban kowa: babu gidan mamba a littafin nan, babu sito ko mangaza, babu sunan mai mota, babu ranar tafiya. Abin da duk mai wucewa ke gani da idonsa shi kaɗai za a rubuta. 'Yan bindiga sun fi mu sanin inda gada take, ba mu ƙara musu komai ba. Likitan da aka turo daga nesa shi ne bai sani ba.

Sai magana ta biyu, wadda ake yi ƙasa-ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari mu faɗe ta. Akwai hanyoyin da ba na kwalta ba, kowa ya san su, kuma wasu na tsoron taswira za ta zama jagorar kwastan da duwan. Ƙungiya dai matsayinta sananne ne, a bi ta ƙofa a biya abin da doka ta ce. Amma ba za mu yi kamar ba mu san cewa mutanen ƙauyukan iyaka ta nan suke bi zuwa gona da kasuwa da biki ba, kuma a nan ne mutum ke kwana a ƙarƙashin mota ba wanda ya sani. Shawararmu ita ce ba za mu zana waɗannan hanyoyi a kwafin da zai fita ba. Ƙauyukan da ke kansu kuwa za mu sa sunansu da lambarsu, don ƙauye ba sirri ba ne, akwai mata masu naƙuda a cikinsa. Wasu za su ce mun yi sassauci, wasu su ce mun yi yawa. Ku ne masu yankewa.

Akwai kuma abin da ba ya jiran izinin kowace hukuma. Rassanmu suna jere a kan gulbin nan daga sama zuwa ƙasa. In ruwa ya yi ƙarfi a Jibiya, mutuminmu na can ya kira na Madarumfa da na Maraɗi nan take, su kuma su sanar da mai gari da limami, su kira na Gidan Rumji. A ce ga inda ruwa ya kai, ga lokacin, ga lambar wurin. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya gani da idonsa shi zai faɗa. Mun sha ganin hoton ambaliyar wata ƙasa ana yawo da shi a waya ana cewa madatsar Jibiya ce ta fashe, mutane su kwana a tsaye a banza. In aka yi haka sau biyu, ranar da abin gaske ya zo ba mai tashi. Duk wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, za mu cire shi daga zauren, ko waye.

Abin da zai ci kuɗi kaɗan ne: man babur na masu zagayawa, da buga kwafi, da ƙaramin kati mai leda da za a manna a gaban kowace motar mamba, ɗauke da lambobin kira na ƙasashen biyu da na ofis. Ma'aji ya ce asusu zai iya ɗauka in waɗanda ke shafin baya suka biya bashinsu. Ba mu kira suna ba.

Bayan sallar la'asar, samarinmu za su zauna a ƙofar ofis. Duk direba da yaron mota ya kawo wayarsa a nuna masa yadda ake fito da lambar wuri a tura, abin bai kai minti 5 ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu masu ƙaramar waya su turo 'ya'yansu ko yaransu. Direban da muka ba da labarinsa ya roƙi a bar shi ya zauna tare da su, kuma shi zai riƙe littafin wurare yau, duk wanda ya san wani kwalbati ko mashigi da ba mu rubuta ba ya je ya faɗa masa.

Mai girma shugaba, mun mayar da magana gare ka don a ji ra'ayin jama'a, a ɗaga hannu a kan miƙa kwafin.